Yadda ake neman itacen da ya zama dutse da murjanin tsohon teku, daga Maradi zuwa Adar

Wani tsoho mai haƙar rijiya ne ya sa ni a wannan hanya. Na je gaisuwar rasuwa a wani ƙauye arewa da Tibiri, na tarar da shi zaune bakin ramin da yaransa ke aiki, ya danne gefen tabarmarsa da wani guntun dutse ja-ja don kada iska ta naɗe ta. Na ɗaga dutsen, na ji nauyi kamar na ƙarfe, amma jikinsa duk zare-zare ne a tsaye, har da gurbin reshe.

Na ce, "Baba, ina kuka samo wannan?"

Ya ce, "Gaba goma sha biyu ƙasa, ɗana. Icce ne, amma wuta ba ta cin shi."

Gaskiya ya faɗa, kuma a taƙaice ya faɗi abin da littattafan kimiyyar ƙasa ke ɗaukar shafuka suna bayani. Irin wannan dutse shi ake kira burbushin halitta, wato sauran jikin tsiro ko dabba, ko sawunsu, da ƙasa ta binne tun zamani mai nisa har ya koma dutse. Ƙasarmu na da shi jingim, muna taka shi, muna gini da shi, ba mu ko duba. Ga yadda nake neman nawa, da yadda nake gane abin da na tsinta.

Fara da sanin ƙasar da kake tsaye a kai

Wanda bai san wannan ba zai sha rana a banza. Maradi tana gefen wani babban kwarin ƙasa da masana ke kira Iullemmeden, wanda ya haɗa Tawa, Dosso, Sakkwato da wani yanki na Mali. A can kudu, wajen Ɗan Isa kusa da iyaka, tsohon dutse mai tauri irin su giranit ne ya leƙo waje. Wannan daga narkakken dutse ya samu, babu wata halitta a cikinsa, kada ka ɓata gudumarka. Sauran yawancin jihar kuwa, ƙarƙashin rairayin da muke noma gero a kai, akwai dutsen yashi da tsakuwa da yumɓu waɗanda tsofaffin koguna suka jibge a zamanin Kiretase, wanda ya fara shekaru miliyan 145 da suka wuce ya ƙare miliyan 66. Kogi itace yake kwasowa, ba murjani ba. Don haka a Maradi itacen dutse za ka sa a rai.

Murjani sai teku. Kuma teku ya taɓa zuwa. Tsakanin kusan shekaru miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka shige, wani siririn teku mara zurfi ya riƙa shigowa yana janyewa ta tsakiyar Sahara. Shi ya bar farin dutsen farar ƙasa na duwatsun Adar, a jihar Tawa, wanda masana'antar Malbaza ke ƙonawa ta yi siminti, kamar yadda ta Kalambaina a Sakkwato ke ƙona ɗan'uwansa. Wannan dutse na zamanin Paleyosen ne, miliyan 66 zuwa 56, kuma cike yake da kwanson kawa, dodon koɗi, bushiyar teku, haƙoran kifi, jefi-jefi da murjani. Daga Maradi sai ka bi babbar hanya ta Gidan Runji zuwa Madawa, daga nan ko ka miƙe Galmi da Malbaza, ko ka ratsa wajen Buza da Keita. Da ka ga tudu mai shafaffen kai, da baƙin dutse a bisa da farin ɗamara a tsakiya, to ka iso.

Lokaci da kayan aiki

Daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu ne lokacin. Damina ta wanke ƙasa ta tono sabbin abubuwa, an kwashe amfanin gona, ba wanda zai ce ka tattake masa wake. Da bazara kada ka soma. Ka fita da sassafe ko bayan la'asar, don hasken da ke zuwa a karkace shi ke fito da zanen jikin dutse. Da tsakar rana komai fari fat yake, ido ba ya rarrabewa.

Kayan ba su da tsada. Ƙaramar guduma, da ƙarfe mai kaifin baki irin wanda magina ke fasa bulo da shi, da tabarau don tsartsatsin dutse ba ya sallama. Tsohon buroshin haƙori, basilla, wuƙa, guntun kwalba, da ƴar kwalbar binegar ko lemun tsami biyu. Takardar buhun siminti ta naɗi, da leda. Madubin ƙara girma mai ninki goma, in ba ka samu ba kyamarar wayarka za ta rage. Ruwa fiye da yadda kake zato, malafa, da takalmi rufaffe. Sai kaye da fensir, waɗanda in za a bar komai a gida, su kam ba a barin su.

Kafin ka taɓa dutse ko ɗaya, ka je ka gaida mai gari, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nemi mai gona. Baƙo da guduma a bayan gari, mutane zinariya za su zata, kuma ba laifinsu ba ne. Ka nuna musu samfuri a hannu. Sau da yawa wani makiyayi zai ce ai akwai irinsa birjik a bakin korama kaza, ya rage maka yawon kwana uku. Kuma ka tambayi halin hanya. Wasu dazuzzukan kudu, wajen Gabi da Baban Rafi da bakin iyaka, ba wurin yawon duba dutse ba ne a wannan zamani. Babu burbushin da ya kai ranka.

Inda ake dubawa, da yadda ake ɗauka

Kada ka yi haƙa. Nemi inda ruwa ko mutane suka riga suka haƙa maka: zaizayar korama bayan damina, gangaren da ke sauka zuwa Gulbin Maradi, ramin da ake ɗibar tsakuwa da jar ƙasar hanya, da tarin ƙasar bakin sabuwar rijiya. Wannan na ƙarshe shi na fi so, domin mai haƙa yana iya gaya maka ko a gaba nawa abu ya fito. Har tarin tsakuwar da tifa ta juye ƙofar gidan da ake gini ka duba. Na sha samun gutsattsarin itacen dutse a ciki, sun goge sun yi sumul kamar sabulu.

Amma ka lura da bambanci ɗaya. Abin da ka samu a maƙale cikin dutsen da ya haife shi daban, wanda ruwa ya kawo daban. Gulbin Maradi daga ƙasar Katsina ya taso, ya bi ta Jibiya, ya shigo Nijar ya yi baka, ya koma Najeriya ya faɗa Rima. Dutsen da ke cikin yashinsa yana iya zama ɗan tafiya mai nisa. Ɗauka za ka yi, amma ka rubuta cewa tsintuwar yashi ce.

Ka yi tafiya a hankali, daga gindin gangare zuwa sama. In ka ga gutsattsari a ƙasa, ka bi su kana hawa har inda suka ƙare, nan ne layin da suke zubowa. Kowane dutse ka fara ture shi da sanda ko bakin guduma, ka jawo shi ta yadda buɗin zai kalli nesa da kai, saboda kunama da kububuwa can suke kwana. Kada ka tsaya ƙarƙashin gaɓar da ta rataya.

Da ka samu, kada ka yi saurin ɗagawa. Ajiye dala ashirin kusa da shi, faɗinta milimita 26 ne, ka ɗauki hoto biyu, ɗaya kusa, ɗaya daga nesa yadda wurin zai fito. Ɗauki lambobin wurin da GPS na waya. Sannan ka rubuta a kaye: lamba, kwanan wata, sunan ƙauye mafi kusa, irin dutsen da ke kewaye da launinsa, abin da ke samansa da na ƙasansa. Ka yagi takarda ka sa wannan lambar cikin naɗin. Na nanata wannan ne don na ɗanɗana. Tafiyata ta farko Adar na cika buhu daga tudu uku, na ce ai zan tuna. Da na dawo gida na zazzage, duk suka zama ɗaya. Har yau suna nan cikin kwali, kyawawa, amma ba abin da za su iya gaya wa kowa, kuma abin yana damuna duk lokacin da na buɗe.

In abin yana cikin dutse, kada ka buge shi kai tsaye. Ka sassara kewaye da shi, nisan yatsu uku ko huɗu, ka ciro shi da uwarsa. Gyara a gida ake yi. Kuma ka ɗauki biyu ko uku masu kyau, ka bar saura.

Gwaji uku na farko

Wuƙa, kwalba, da tsami. Waɗannan za su raba maka yawancin abin da ka tsinta gida biyu.

Karci gefen dutsen da wuƙa a inda ba zai ɓata shi ba. In wuƙa ta ci shi ta bar farin gari, mai laushi ne, mai yiwuwa dutsen farar ƙasa. In wuƙa ta zame, har ta bar layin ƙarfe a kansa, sai ka karci kwalba da shi. Wanda ya yanki kwalba, silika ne, sinadarin da ke cikin yashi da ƙanƙarar dutse. A ma'aunin tauri na Mohs mai hawa 10, sinadarin farar ƙasa yana hawa na 3, wuƙa da kwalba wajen 5 da rabi, ƙanƙarar dutse 7. Sai ka ɗiga binegar. Dutsen farar ƙasa zai yi ƴan kumfa, in ka kai kunne ka ji yana tsuwa. Silika ko gezau. Itacen dutse na wajenmu galibi silika ne, murjanin Adar kuwa ɗan farar ƙasa ne.

Gane itacen dutse

Yadda yake samuwa shi ne, ambaliya ta kayar da bishiya ta binne ta da sauri cikin yashi da laka, inda iska ba ta shiga, gara da ruɓa ba su samu dama ba. Ruwan ƙasa mai ɗauke da silika ya yi ta tsatsafowa yana cika ƴan ramukan jikin itacen, yana maye gurbinsa kaɗan-kaɗan, har siffar ta tsaya amma jikin ya zama dutse. Ja da rawaya da ruwan ƙasa da kake gani, ƙarfe ne ya rina shi.

Ka duba shi ta gefe biyu. Ta tsawonsa za ka ga zare-zare a jere kamar faskaren icce, wani lokaci da gurbin reshe. Amma hujjar tana bakin karaya, inda aka yanke shi a gicciye. Jiƙa wurin da ruwa, ka sa madubi. Abu uku za ka iya gani. In akwai ƴan ramuka kamar hudar allura a warwatse, da siraran layuka da suka taso daga tsakiya zuwa baki, to dangin itatuwa masu fure ne, irin su gawo da marke na yau. In babu ramukan, sai ƙananan ɗakuna ƙwarai a jere reras kamar saƙar gwado, dangin itatuwa marasa fure ne, waɗanda suka fi yawa a zamanin dinoso, wato manyan dabbobin nan na zamanin da, da suka ƙare. In kuma ɗigo-ɗigo ne masu duhu a watse, babu zobe babu layi, to dangin giginya da goriba ne. Je ka duba bakin azarar giginya a kowane tsohon soro, za ka ga hoton abin da nake faɗi.

Zoben shekara ba dole ne ya fito ba. Inda ya fito sosai, alama ce ƙasar na da rani da damina a lokacin.

Ganye ya fi wuyar samu. Ba ya zama cikin yashi mai gautsi, sai cikin laka mai laushi da ta daskare ta zama falle-falle, musamman toka-toka ko baƙa, irin wadda masu rijiya kan fito da ita. Ka tsaga ta ta gefe, bin layinta, kamar buɗe littafi, ka ajiye ɓangarorin biyu. Kada ruwa ya taɓa shi, domin sau da yawa abin da ya rage ɗan baƙin shafe ne na gawayi, da ya jiƙa ya tafi. Jijiyoyin da suka yi raga alamar mai fure ne. Tsire-tsiren da suka fi waɗannan tsufa nesa ba kusa ba suna arewa, gefen duwatsun Ayar, inda ake haƙar kwal a Anu Araren kusa da Cirozerin. Wannan kwal na zamanin Karbonifer ne, sama da shekaru miliyan 300. Tsiron da ya fi suna a wancan zamani a duniya shi ne Lepidodendron, mai ɓawo kamar saɓar maciji. In wani ya nuna maka irin wannan zane ya ce a Gulbi ya tsinta, kawo shi aka yi.

Gane murjani

Mu mun san murjani a wuyan amare, jan nan da ake cirowa daga tekun Bahar Rum. Na dutse danginsa ne na nesa, kuma ba ja ba ne, fari ne ko ruwan ƙasa. Murjani ba tsiro ba ne. Ƴar dabba ce mai taushi da ke gina wa kanta ƙoƙo na farar ƙasa ta zauna ciki. Cikin ƙoƙon akwai siraran bangaye da suka taso daga baki suka nufi tsakiya, kamar wayoyin ƙafar keke. Waɗannan bangaye su ne shaida. In babu ƙoƙo, babu bangaye ko ɗakuna, kada ka yi saurin cewa murjani ne.

Wani shi kaɗai yake zama, kamar maɓalli ko ɗan mazurari. Wani kuma gari guda ne, ƙoƙuna manne da juna kamar taurari a jikin dunƙule. Ka goge shi da buroshi, ka jiƙa, ka ƙirga manyan bangayen. A murjanin Adar shida za ka samu, ko 12, ko 24, domin haka wannan dangi ke ƙaruwa. Sunansa Scleractinia, ya bayyana kusan shekaru miliyan 240 da suka wuce, kuma shi ne ke gina tsibiran murjani har yau. Ƙoƙonsa na wani sinadari ne mai saurin narkewa a ƙasa, shi ya sa sau da yawa ba jikin za ka samu ba, sai gurbinsa ko cikon lakar da ta shiga ciki. Kada ka yar da dutse don ka ga rami. Danna ɗan yumɓu a ciki ka ciro, siffar za ta fito.

Akwai manyan dangi biyu da suka riga shi, duka sun ƙare a babbar halakar da ta auku shekaru miliyan 252 da suka shige. Rugosa yana kama da ƙahon akuya mai tattarar fata. Tabulata kuwa kamar saƙar zuma, bututu a jere, kowane da hawa-hawa a ciki, bangayen tsakiya ƙanana ko babu. Dutsen Adar bai kai shekarunsu ba ko kusa, don haka ba a samun su can. Ana samun su da yawa a kudancin Maroko, wajen Erfud, inda ake goge su a sayar. In ka ga irinsu a hannun mai sayar da duwatsun ado, ka san ɗan fatauci ne.

Kusa da murjani za ka fi cin karo da bushiyar teku, dunƙule kamar ƙwallon goriba da ya ɗan baje, da tauraro mai fiffike biyar a bayansa. Biyar bushiya, shida murjani.

Masu ruɗi

Nan ne kowa ke faɗawa. Na farko wani baƙin zane mai rassa kamar ƙaramin tsiro, shafe a fuskar dutse. Kyakkyawa ne, amma ba tsiro ba ne, ruwa mai manganis, wani irin ƙarfe, ne ya bi tsaga ya bushe. Ba shi da kauri, ba shi da jijiya ta tsakiya. Na biyu marmara, wadda ramukanta ke kama da murjani, sai dai ba tsari, ba bangaye, kuma tana rina hannu. Na uku baƙin dutsen ƙarfe na kan tudun Adar, mai ƙananan ƙwallaye kamar gero, wanda ake zato ƙwan kifi ne. Sai dunƙulen ƙarfe mai rami a ciki da yara ke kawowa a kan ƙwan dinoso ne.

Wanda ya fi rikita ni a farko shi ne giginyar dutse da murjani, domin duka ɗigo-ɗigo ne. Madubi da binegar ke raba gardama. Ɗigon murjani yana da tauraro a ciki kuma yana kumfa. Na giginya cikakke ne, ba ya kumfa, kuma in ka juya gefe za ka ga ɗigon sun zama dogayen zaruruwa.

Ƙashi kuma ana ɗaukarsa itace. Bakin karayarsa kamar soso yake, waje santsi ciki huhu-huhu. In kuwa ka ga dutse gogagge mai baki, wanda muke kira gatarin aradu, wannan aikin hannun mutanen da ne. Ka ɗauki hotonsa ka bar shi inda yake.

Gyara da ajiya

Itacen silika ka wanke shi da ruwa da sabulu da buroshi, ba abin da zai same shi. Murjani ka jiƙa shi cikin ruwa zalla na ɗan lokaci, ka bi da basilla kana ɓanɓare lakar a hankali, kana tura bakin basillar nesa da zanen. Kada ka tsoma shi cikin binegar, ruwan batir kuwa ko kusa. Na taɓa ganin wanda ya yi haka don ya yi fari, cikin minti kaɗan taurarin suka narke, ya rage da dunƙulen alli. Kada ka shafa mai ko fenti mai sheƙi, yana toshe abin da masani zai duba. Wanda ya karye ka haɗa shi da ɗan farin gam na kafinta bayan ya bushe sarai.

Ɗiga farin fenti a bayan dutsen, in ya bushe ka rubuta lambarsa. Ƙanana su shiga kwalin ashana da auduga, manya gwangwanin madara ko kwali, kowane da takardarsa. Ka ɗauki hoton shafukan kayen, don gara ba ta san darajar rubutu ba.

Abin da ba naka ba ne

Nijar ba ƙaramar ƙasa ba ce a wannan fage. A Gadufawa cikin Tenere Bafaranshe Philippe Taquet ya tono dinoson da ake kira Ouranosaurus, aka bayyana shi a 1976. Ba'amurke Paul Sereno da tawagarsa suka bayyana wasu dinoso, Suchomimus a 1998, Jobaria da Nigersaurus a 1999. Wajen Marandet da Ingal akwai gungumen itacen dutse kwance a fili. Wanda ya je gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai ya ga ƙasusuwan da idonsa. Doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 ta kare kayan tarihin ƙasa, haƙa da fitarwa waje sai da izinin hukuma. Tsintar guntu a korama don koyo abu ne daban da cika buhu a kai wa dillali. Ni ban sayarwa, kuma ina roƙonka kada ka sayar. Abin da ya fita ba ya dawowa, kuma ɗan lakwal na Maradi ya fi kowa haƙƙin ya riƙe shi a hannu.

In ka ci karo da babban gungume, ko ƙasusuwa a jere, kada ka ciro ko ɗaya, domin yadda suke kwance shi kansa bayani ne. Ɗauki hoto da lambobin wuri, ka sanar da mai gari, sannan ka kai labari sashen kimiyyar ƙasa na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a nan Maradi, ko ofishin al'adu na jiha. Haka ma ƙananan da suka gagare ka ganewa. Ka tafi da dutsen da kayenka tare, don tambayar farko da malamin zai yi maka ita ce daga ina ya fito, kuma a wane layi.